Tafkin Bosumtwi: Ga Shi Kusa, Ba Mu Zuwa

Shekara da shekaru muna koya wa yara cewa Bosumtwi ne tafkin Allah guda ɗaya a ƙasar Gana, wanda ba hannun mutum ya tare ruwansa ba. Amma ran da muka tambayi ɗalibanmu na Zango wa ya taɓa ganinsa, ba wanda ya ɗaga hannu. Alhali tafkin yana kimanin kilomita 30 ne daga Kumasi. Abin ya ba mu kunya, sai muka shirya ziyara.

Wasu iyaye sun hana 'ya'yansu, wai wurin tsafi ne. Gaskiya ne Asante suna girmama tafkin, sun ɗauka nan ne ran mamaci yake zuwa ban kwana. Muka ce musu wannan imaninsu ne, mu kuwa ikon Allah za mu je kallo.

Mun bi hanyar Kuntanase, muka sauka daga mota a kan tudu, muka gangara ƙauyen Abono a ƙasa. Tun daga sama aka hango ruwa kewaye da duwatsu, kamar fura a ƙwarya. Yara duk suka yi tsit.

A bakin ruwan muka yi darasi. Masana sun ce wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sama fiye da shekara miliyan 1 da ta wuce, ya haƙa wannan rami, ruwan sama ya cika shi. Faɗin tafkin ya kai kilomita 8, zurfinsa kusan mita 80. Babu kogin da yake fita daga cikinsa, saboda haka duk dattin da aka zuba, nan yake zama. Jin haka, yara suka tsince ledojin da suka yar, ba wanda ya sa su.

Mun ga masunta ba su shiga kwalekwale. Katako suke hawa, wanda suke kira padua, suna tuƙi da hannu. Sun koka mana cewa kifi yana raguwa, ga kuma itatuwan gangare ana sarewa don noma. A shekarar 2016 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin wuraren da ake kiyayewa, amma suna kaɗai ba ya tsare ruwa.

Bayan azahar muka hau tudu komawa. Hawan da wuya, malamai ne ma suka fara haki. Mai niyyar zuwa ya yi sammako, ya riƙe ruwan sha da takalmi mai ƙarfi, kada kuma a bar yaro ya shiga ruwa shi kaɗai.

'Yan'uwa, a ƙasar nan aka haifi 'ya'yanmu, a nan za su yi zama. Yaron da bai san komai ba sai lungun Zango, baƙo zai tashi a ƙasarsa. Gani ya kori ji. Allah ya sa mu gane, amin.