Ranar da na ce zan kunna wuta babu ashana

1/ Jama'a, zaren nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Labarin ranar da na cika baki a gaban yaran gidanmu na ƙauye ne, na ce zan kunna wuta da itace biyu kawai, babu ashana babu laita. Har yau akwai tabon abin a tafin hannuna.

2/ Laifin YouTube ne. Akwai tashar nan Primitive Technology ta wani Bature a dajin Ostareliya, ba ya magana, daga shi sai gajeren wando. Zai ɗauki ɗan kara ya murza a kan itace, kafin ka ƙifta ido hayaƙi ya tashi. Na kalla ya fi a ƙirga, har na fara jin ni ma gwani ne.

3/ Da hunturu muka je gida. Bayan la'asar na tara yara a ƙofar zaure, na ce yau za su ga ilimi. Na je wurin itacen girki na zaɓo kirya, saboda na san ita maƙera ke so, gawayinta ba ya mutuwa da wuri. A lissafina itacen da ya fi riƙe wuta shi zai fi saurin ba da ita.

4/ Na durƙusa na yi ta murza. Minti goma, ashirin. Ramin ya yi santsi yana sheƙi kamar an shafa masa mai, ko ɗumin kirki babu. Tafin hannuna ya yi bororo biyu, ɗaya ya fashe. Wani yaro ya ruga cikin gida ya dawo ya ajiye min kwalin ashana a gabana, bai ce komai ba. Wallahi gara ya zage ni.

5/ Duk abin nan kakana yana kan buzunsa yana kallo. Can ya ce, "Ɗan birni, wuta kake nema ko taɓarya kake sassaƙa wa amaryarka?" Na ce, "Tsoho, kai da ko wayarka ba ka iya kunnawa, me ka sani a ciki?" Ya yi dariya har da tari. Ya aiki yara bayan gari su samo masa tumfafiyar da ta mutu ta bushe a tsaye, ya ja musu kunne kada su taɓa ɗanya, ruwanta yana illa ga ido.

6/ Nan na fara gane wautata. Ya danna farcensa a jikin tumfafiyar, ya lotsa. Ya ce itacen da farce bai shiga ba, bar shi. Dalili kuwa, ashe wutar daga garin da ke zubowa take fitowa idan itace yana cin ɗan'uwansa. Itace mai tauri ba ya ba da gari, gogewa kawai yake yi.

7/ Ya fere ɗaya ya yi faɗi, ya ɗan ƙwaƙule rami kusa da gefe. Ɗayan kuma miƙaƙƙe, kaurin ƙaramin yatsa, tsawon kamu ɗaya. Sai ya yanka wata 'yar tsaga daga gefen zuwa cikin ramin, ya sa busasshen ganye a ƙarƙashi. Ni duk kallon bidiyon da na yi ban taɓa lura da tsagar nan ba, alhali ita ce komai. A cikinta garin ke taruwa wuri ɗaya yana riƙe zafi, sai ya kai wajen digiri 400 kafin ya kama. Babu tsaga, garin ya watse ya huce.

8/ Ya kama karan ya fara murzawa kamar mai burga miya da maburgi. Salon yana nan, ƙarfin ne babu. Hannunsa yana rawa, kafin ya kai ƙasa numfashinsa ya ƙare. Ya tsaya yana kallon hannayen nasa. Yaran da ke ta surutu duk suka yi tsit. Ban taɓa ganin tsufansa ba sai ranar.

9/ Ya ce, "Matso. Da ma ba aikin mutum ɗaya ba ne." Wai yana yaro wurin kiwo, a hannun Fulanin da suke sauka gefen gonarsu ya koya, kuma su biyu suke yi. Idan kana murzawa kana dannawa, hannunka sauka yake yi ƙasa. Daƙiƙar da za ka ɗauka ka koma sama, zafin ya gudu. Amma in ku biyu ne, kana kaiwa ƙasa ɗan'uwanka ya kama daga sama, karan ba ya tsayawa.

10/ Muka fuskanci juna, ya taka itacen da ƙafarsa. Ni in sauka, shi ya karɓa, ko sau uku ya murza ya ishe ni in koma sama. Garin ya fara fita ruwan ƙasa. Ya ce da saura. Ya koma baƙi, lallausa kamar kwalli. Hayaƙi ya fara shiga idona, bororon nan yana min zugi har cikin kai, yana ta cewa "kada ka tsaya, danna, danna!"

11/ Sai ya ce tsaya. Muka ɗage karan. Garin da ke cikin tsagar ya ci gaba da hayaƙi shi kaɗai, babu mai taɓa shi. Ya ɗan fifita da hannu, sai ga wani ɗigon ja, bai kai ƙwayar dawa ba.

12/ Ya juye shi a kan busasshen kashin jaki da ya murmushe, ya naɗe cikin ciyawa, ya miƙo min. Ya ce hura a hankali, kamar kana hura wa jariri koko. Hura ta biyar ko ta shida ta kama, bal! Yara suka ɓarke da ihu, ni kuwa na kusa ƙona gemuna.

13/ Da dare muna jin ɗumi na tambaye shi ko haka suke shan wahala kullum a da. Ya ce wa zai yarda? Mai ƙyastu da ƙanƙara yana da abinsa a aljihu, a gida kuma ba a barin wuta ta mutu, binne garwashi ake yi cikin toka. In taku ta mutu, a ba yaro tsingaro ya je maƙwabta ya ɗebo, yana sauri kada ta mutu a hanya. Kun ji inda aka samo "kamar ka zo ɗiban wuta" da ake ce wa baƙo mai gaggawa. Ni da na sha faɗa ban san me nake faɗa ba.

14/ Abin haushi, yaron da na ba wayata ya ɗauki bidiyo, ƙafafun mutane da ƙasa kawai ya ɗauka. Muryar tsohon ce kaɗai ta fito, yana cewa danna. Ya rasu da daminar da ta biyo baya, Allah Ya jiƙansa. Ina sauraron muryar lokaci lokaci.

15/ Na gwada ni kaɗai sau huɗu tun daga nan. Hayaƙi yana tashi, garwashi ya ƙi. Itacen da ya fere yana nan a ɗakina, saura wurin rami biyu a jikinsa, shi ya sa na daina ɓata shi. Idan akwai wanda ke Kano mai kanta a hannu da haƙuri, ya yi min magana kafin hunturu ya wuce.