Kwana Biyu a Dutsen Tubkal Tare da Masu Ja-gora

Dutsen Tubkal na ƙasar Maroko shi ne mafi tsawo a duk Arewacin Afirka. Tsayinsa mita 4,167 ne, wato ya ninka ƙololuwar Bagzan ta Abzin sau biyu har da ɗori. Ana fara hawansa daga ƙauyen Imlil, tafiyar kamar kilomita 65 kudu da Marakesh. Tun bayan kisan gillar da aka yi wa wasu 'yan mata biyu baƙi a kusa da wurin a watan Disamba na 2018, hukuma ta wajabta wa kowane mai hawa ya ɗauki ja-gora ɗan ƙasa. Mu biyar muka hau a damanar 2024, da ja-gora biyu, dattijo da ɗan ƙanensa, da mai alfadari guda.

Mutanen wannan yanki Amazigawa ne, harshensu Tashelhit ɗan'uwan Tamashek ne. Da dattijon ya miƙo mini gora ya ce “aman”, sai na amsa tun kafin a fassara, domin haka Buzayenmu ke kiran ruwa. Ya yi dariya, ya ce ashe dangi ne suka zo. Daga nan bai ƙara kirana da komai ba sai “ɗan'uwana”.

Abin da ya fara burge ni shi ne tsarin tafiyarsa. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi wani Alhaji da ya fi mu shekaru, ya sa shi a gaba, ya ce babu wanda zai wuce shi. Dalilinsa kuwa, ayari da sawun mai rauni yake tafiya, kuma wanda ya yi gaggawa da safe shi ake ɗauka da yamma. Haka muka ratsa gonakin tuffa da na sha'ir da aka yanka hawa-hawa a jikin dutse, muka wuce Sidi Shamharush inda farin dutsen nan yake, har muka isa masaukin matafiya a mita 3,207 bayan la'asar.

A nan aka yi abin da ba zan manta ba. Cikin dare Alhaji ya kamu da ciwon kai mai tsanani da tashin zuciya, tafiyarsa ta koma tangaɗi. Wannan ciwon tsauni ne: iska tana sirancewa gwargwadon hawa, jiki ya kasa samun abin da yake buƙata a numfashi, kuma babban maganinsa shi ne sauka. Alhaji ya dage sai ya ƙarasa, tunda ya kashe kuɗi ya ƙetaro hamada. Dattijon ya zauna kusa da shi, ya zuba masa shayin na'ana'a, ya ce: “Alhaji, dutsen nan yana nan tun kafin kakanninmu, baɗi ma za ka same shi. Iyalinka kuwa kai ɗaya gare su.” Gari na wayewa ɗan ƙanen ya ɗora shi a kan alfadari suka gangara. Kafin su kai Imlil ya warware.

Sauran mu huɗu mun tashi tun kafin asuba da fitilu a goshi. Sanyi ya kai ga yatsu ba sa lanƙwasuwa. Da alfijir ya keto, dattijon ya nemo mana lungun da iska ba ta bugu, ya duba taurarin da suka rage, ya nuna alƙibla, muka yi salla a kan tsakuwa. Bayan awa huɗu muka taɓa dalar ƙarfen da aka kafa a ƙololuwa.

A hanyar dawowa ya ba mu labarin girgizar ƙasar daren 8 ga Satumba, 2023, wadda ta hallaka mutane kusan 3,000, akasarinsu a ƙauyukan waɗannan duwatsu. Duwatsu sun toshe hanyoyin mota, sai alfadarai da jakuna suka riƙa kai abinci da barguna inda mota ta gaza. Ya ce baƙi sun ɗauke ƙafa na ɗan lokaci, alhali da kuɗin ja-gora ake sayen sukari da littattafan yara.

Saboda haka, duk wanda Allah Ya nufa da zuwa, ya biya ja-gora haƙƙinsa ba tare da dogon ciniki ba, ya rage wa alfadari kaya, in kuma an ce masa ya sauka, ya sauka. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya saka wa mutanen Imlil da alheri.