Daga Ƙonni zuwa Damagaram: tocilar da ta cancanci zama a mota

Duk wanda ya tashi daga Yamai da hantsi, ya nufi gabas bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, in dai ba a Doso ko Dogon Dutsi zai sauka ba, to akwai alƙawari tsakaninsa da dare. Wajen kilomita 420 ne zuwa Birnin Ƙonni, wajen 660 zuwa Maraɗi, kusan 900 zuwa Damagaram. Bugu da ƙari, mai tafiya gabas guje wa rana yake yi: da yake Damagaram tana gabas da Yamai da kimanin digiri 7, rana tana faɗuwa can kusan rabin awa kafin ta faɗi a babban birni, alhali kuwa agogon ƙasar guda ne. Ma'aikacin da ya saba da magaribar Yamai yakan yi lissafinsa da ita, sai ya tarar duhu ya riga shi isa masauki. Almurun wannan yanki kuma ba ya daɗewa. Minti ashirin da ɗoriya bayan faɗuwar rana, wanda ya tsuguna gindin taya ba ya iya rarrabe noti da tsakuwa.

Ƙonni ce zangon ƙarshe da yawancin irin waɗannan matafiya ke gani da hasken rana, kuma gari ne da ya san wannan matsayi nasa. Iyakar Najeriya na kusa, Illela na ƙetare kaɗan, hanyar Tawa kuma tana rabuwa a Tsarnawa; saboda haka duk abin da direba ke buƙata ana tallarsa a bakin tasha, tun daga goro da kilishi har zuwa igiyar ɗaurin kaya. Cikin ƴan tireda akwai masu tocila. Wasu sun rataye su jeri-jeri kamar tsintsiya, wasu yara ne da ke kewaya motoci da faranti, suna kunnawa suna kashewa a fuskar fasinja ko da rana tsaka. Akwai doguwa mai kan azurfa, akwai ta roba mai rediyo a jikinta, akwai mai ɗan allon hasken rana a bayanta, akwai ta ɗaurawa a goshi. Mai talla abu guda yake nunawa, wato ƙarfin haske, mai saye ma abin da yake tambaya ke nan. A nan ake yin kuskuren farko.

Haske ya daina zama matsala tun da daɗewa. Tocilar da dattawan direbobi suka sani, mai ɗan ƙwai da zare a ciki da manyan duwatsu biyu ko uku, takan yi ja ta dushe cikin ƴan awoyi, ƙwan kuma yana mutuwa da zarar ta faɗi ƙasa. Ƙwan zamani da ake kira LED, wanda farinsa ya shigo kasuwa bayan da masana a Japan suka samar da shuɗinsa a farkon shekarun 1990, ba shi da zaren da zai tsinke, cinsa kuma kaɗan ne ƙwarai. Ma'aunin haske da ake rubutawa a kwali shi ne lumen. Mai canjin taya ko mai duba inji, lumen 100 zuwa 300 sun ishe shi har da saura. Dubban da ake bugawa da manyan lambobi a kwalin tocila mai araha, sau da yawa ado ne na mai bugawa. Ko da ma gaskiya ne, irin wannan haske yana shanye batir nan da nan, yana kuma kashe idon mai riƙe da shi idan ya dawo daga farin fentin mota.

Tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce: tocilar nan za ta kama bayan ta yi wata shida a cikin mota ba a taɓa ta ba? Domin tocilar mota ba ta aiki kullum kamar ta mai gadi. Zama take yi, kuma a wurin da ya fi kowane wuri muni. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, motar da aka rufe aka bari a rana cikinta yakan wuce digiri 60, gabanta kuwa, ƙarƙashin gilashi, ya fi haka. Zafi shi ne babban maƙiyin batir. Duwatsun nan masu araha da ake samu a kowane tebur, idan suka daɗe cikin tocila sukan zubar da wani ruwa mai cin ƙarfe, ya bushe ya zama farin gari, ya cinye mazauninsu har abin ya tashi daga aiki. Ɗan kasuwa mai lura zai duba rubutun da ke jikin dutsen: wanda aka rubuta R6 ko R20 shi ne na talaka, mai saurin ƙarewa, wanda harafin L ya gabata, wato LR6 ko LR20, shi ne alkalin, ya fi ɗaukar wuta, ya fi kuma jure ajiya, ko da yake shi ma yana zuba in an manta da shi. Maganin abin ba ya cin ko dala: a cire duwatsun, a ƙulle su cikin leda, a ɗaure su da roba a jikin tocilar, ko kuma a sa ɗan guntun kwali tsakanin dutse da mazauninsa har ranar buƙata.

Masu caji kuwa, waɗanda suka cika kasuwa, suna da daɗi ga wanda ke aiki da su kowane dare, kamar direban haya da yaron motarsa. Ga alhajin da ke fita sau ɗaya a wata, ko shugaban ma'aikata da ke zuwa rangadi jefi-jefi, lamarin daban ne. Batirin lithium da ke cikinsu yana zubar da wutarsa a hankali ko ba a kunna ba, zafi yana tsufar da shi da wuri, wanda ya kumbura kuma abin tsoro ne, ba a barinsa a mota. Mai allon rana a bayanta ta fi kowace yaudara, don kuwa ba ta samun caji sai an shanya ta, shanyar kuma ita ce ke dafa batirin. Wanda ya nace sai mai caji, to ya nemi wadda ke shiga wurin cajin motar, ya kuma ajiye mai duwatsu a gefe. Dutsen R6 dai ana samunsa a tebur ɗin mai shayi a Dogerawa kamar yadda ake samunsa a babbar kasuwar Maraɗi, wannan kuwa daraja ce da babu lambar kwali da ta kai ta.

Bayan Malbaza da hayaƙin masana'antar simintinta, hanya tana gangarawa ƙasar albasa. A lokacin kakar albasa, buhuna na jibge a bakin titi a Galmi da kewayenta, manyan motoci na tsaye ana yi musu lodi, wasu rabinsu bisa kwalta. Da duhu ya shiga sai amalanken shanu da na jakuna su biyo titi suna komawa gida, babu ko ƙyallin fitila a bayansu. A nan matafiyi ke gane cewa tocila aiki biyu gare ta: ta nuna wa mai ita abin da yake yi, ta kuma nuna shi ga wanda ke tafe. Na biyun ne ke ceton rai. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 cikin daƙiƙa guda. Kafin direbanta ya gane abin da ya gani, ya ɗaga ƙafa ya taka birki, ya riga ya ci wannan tazara, birkin kuma yana buƙatar ninkinta. Rassan itace da ake jerawa bayan motar da ta lalace al'ada ce mai amfani da rana, amma da dare ba a ganinsu sai an hau su. Don haka tocilar da ke da jan haske mai ƙiftawa ta fi wadda ba ta da shi, a aje ta tare da alamar nan mai kusurwa uku, taku ɗari bayan motar, ba a gindinta ba. Yaron da aka tura ya tsaya da ita, ya tsaya a gefen titi, ya haska ƙasa yana kaɗawa. Haska idon direba mai zuwa makantar da shi ne.

Tsakanin Madawa da Gidan Rumji garuruwa suna nisa da juna, gonakin hatsi ne dama da hagu, in wata bai fito ba duhun har nauyi gare shi. Wanda taya ta fashe masa a nan zai san dalilin da ya sa maharba tun da can suke ɗaura fitila a goshi. Ɗaga jek, kwance noti, ciro safaya, duka aikin hannu biyu ne. Tocilar hannu tana buƙatar mutum na biyu, ko kuwa mai ita ya cije ta a baki yana zubar da yawu. Ta goshi tana bin ido duk inda ya juya. Tun bayan da aka gano zinariya a Jado a shekarar 2014, masu haƙa suka yawaita, irin wannan fitila ta zama kayan kasuwa na yau da kullum, ba sai an yi nisa wajen nemanta ba. A zaɓi mai sauƙin nauyi, mai maɗaurin da ba ya saki, wadda kanta ke sunkuyawa, mai mataki na ƙaramin haske. Kafin a durƙusa kuma a haska ƙasa da kyau, a haska ƙarƙashin dutsen da za a ɗauka a tokare taya: ƙarangiya ƙaramar masifa ce, kunama da kububuwa da dare suke fita.

Wayar hannu fa? Tana da fitila, gaskiya ne, amma ita ce kuma hanya ɗaya ta kiran makaniki ko sanar da gida. Wanda ya ƙone cajinta wajen neman noti cikin rairayi ya sayar da akuya ya sayi igiya. Ashana da fitilar kananzir kuwa ba su da wuri kusa da inji ko kaɗan. Motoci da yawa a wannan hanya suna ɗauke da fetur a jarka, batirin mota ma yana fitar da iska mai kamawa da wuta.

Yanayi ma yana da ta cewa. Da hunturu, idan hazo ya sauko, haske mai ƙarfi yana bugun ƙura ya dawo ido kamar an shimfiɗa farin ƙyalle. Ƙaramin haske da aka riƙe ƙasa-ƙasa ya fi nuna hanya. Ƙurar nan kuma ita ke shiga makunni ta kashe shi. Da damina, ruwan Agusta ba ya sallama kafin ya zubo. A jikin tocila ta ƙwarai akan ga haruffan IP da lambobi biyu: ta farko ta ƙura ce, 6 ce ƙololuwarta, ta biyu ta ruwa ce, 4 na nufin tana jure yayyafi da fantsama, 7 na nufin ko ta faɗa kududdufi mai zurfin mita guda za ta fito da ranta. Inda babu rubutu, a kwance gindinta a duba ko akwai zoben roba a bakin murfin.

Daga Maraɗi zuwa Damagaram, ta Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa da Takyeta, garuruwa sun fi kusa da juna, ƴan faci da masu shayi suna kai dare, shingayen jandarma da na duwan ma ba su da wuyar gamuwa. Ladabin shinge da dare sananne ne ga tsofaffin direbobi: a rage manyan fitilu, a kunna ta cikin mota, tocila kuma ta haska takardu, ba fuskar ma'aikaci ba. Mai fitilar goshi ya cire ta kafin ya ɗaga kai ya yi gaisuwa.

Wanda zai zarce arewa daga Damagaram, ta Tanut zuwa Agadas, wajen kilomita 450 ke gabansa, kuma da ya wuce fitilun matatar mai da aka buɗe a shekarar 2011, tebur ɗin mai duwatsu sai ya fara wuya. Masu bin wannan hanya sukan sayi nasu tun a kasuwar Dole: ta goshi ɗaya, ta hannu ɗaya, duka masu cin dutse iri guda don ɗaya ta ara wa ɗaya, da ƙullin sababbi a leda. Ba a binne su cikin but ƙarƙashin buhunan kaya, ba a kuma barinsu gaban gilashi. Aljihun ƙofar direba ko ƙarƙashin kujerarsa ya fi, inda rana ba ta kaiwa, inda kuma hannu zai lalubo su cikin duhu ba tare da an fita daga mota ba.