Hirar Gindin Kasko: Yaro da Wuta

Mu biyar ne a ɗakin Yaya bayan la'asar, iskar hunturu na kaɗawa, ga kasko a tsakiya muna ɓarar gyaɗa. Maman 'yan biyu ta daɗe ba ta ce uffan ba, can sai ta sassauta murya.

"Zan faɗa muku wata magana, amma ta tsaya a ɗakin nan, ko Babansu ban gaya wa ba. Shekaranjiya saura ƙiris gidana ya ƙone."

Duk muka yi salati.

"Na fita shanya, auta ya samu ashana a kan taga, ya ƙyasta, ta kama gefen labule. Kun san abin da ya yi? Ya ja ƙofa, ya je ɗaya ɗakin ya shige ƙarƙashin gado. Ƙauri ne ya kira ni."

"Me ya hana shi ihu?" in ji Amarya.

"Ni na hana shi. Watan jiya na zane shi a kan ashanar nan. Tsorona ya fi masa tsoron wutar."

Anti, wadda ta yi shekaru tana aikin jinya, ta gyara zama. "Kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Mun iya cewa kar ka taɓa, amma ba ma faɗa musu abin yi in ta riga ta kama. Ni na yi wa nawa alƙawari: duk wanda ya ga wuta ya fita waje ya yi kururuwa, ko shi ya kunna ta, ba duka. Kuma ba mai komawa ɗauko takalmi."

Yaya ta ce, "To in kayan jikinsa ne suka kama fa? 'Yan matan nan da hijabi har ƙasa suna gilmawa gaban risho."

"Kar ya yi gudu, gudu fifita wuta yake yi. Ya kwanta, ya rufe fuska da hannu, ya yi ta birgima. In hayaƙi ne ya cika ɗaki, sama yake taruwa, sai a fita da rarrafe. Wasa na mayar da shi a tsakar gida: in ce wuta, su zube suna dariya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Na ce ni 'yata ta fara suya, man nan nake tsoro.

"Ki nuna mata tun yau, ba a watsa wa mai ruwa, tashi zai yi har rufi. A kashe risho, a kifa murfi a kai. In ta ji warin gas, kar ta ƙyasta ashana, kar ta taɓa makunnin lantarki. Ta rufe kan tukunyar gas ɗin, ta buɗe tagogi, ta kira babba."

Amarya ta ce ita dai ta san ƙwai da makilin ne maganin ƙuna.

"Haba Amarya! Su ne ke jawo wa ciwo ruɓa. Ruwa mai sanyi kawai, ban da ƙanƙara, a yi ta kwararawa kamar minti 20, sai asibiti."

Daga nan muka shiga tonon kanmu. Wata na barin hita a bokiti in an ɗauke wuta. Wata na kunna maganin sauro dab da katifa. Yaya ta amsa cewa takan rufe ɗaki ruf da garwashi, alhali iskar gawayi na kisa ba a ji warinta ba. Ni kuwa nakan kulle yara ta waje in leƙa maƙota, ga tagogi duk ƙarfe.

Anti ta ce manyan yaran su san inda makulli yake kwana, su haddace 112, lambar neman agajin gaggawa, su kuma iya kwatanta wa 'yan kwana-kwana unguwa da layi.

Da aka kira magariba, Maman 'yan biyu ta ɗauki mayafinta. "Bari in je in lallashi auta. Tun ranar bai yarda mun haɗa ido ba."

Yaya ta ɗauki kaskon da tsumma, ta fitar da shi tsakar gida, ta yayyafa masa ruwa.