Ayarin Likitocin Haƙori A Hanyar Illela

Hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Illela, kan iyakar Najeriya da Nijar, tana ƙetare gulbin Rima ta ratsa Kware da Gwadabawa. Ita wani ayarin likitocin haƙori 'yan sa-kai ya bi wata Asabar cikin hunturu, mai wannan rubutu kuwa yana cikin tafiyar. Akwai likitoci da ma'aikatan jinya da ɗalibai masu koyon aikin, kuma babu wanda ake biya ko kwabo. Kuɗin mai da na magani karo-karo aka yi, wani ɗan kasuwa ya cika saura.

Ana idar da sallar asuba aka ɗaure kaya. Kujeru ne masu naɗewa, da fitilun da ake ɗaurawa a goshi, da ƙarafan cire haƙori, da allurar kashe zafi, da auduga da safar hannu, sai wata tukunya mai murfin kulle da ake dafa ƙarafa a cikinta a kan gas, domin kada a kwashi cutar wani a sa wa wani. Injin huda haƙori an bar shi a gida, tunda inda za a je babu wutar lantarki.

Dalilin tafiyar ba ɓoyayye ba ne. Najeriya na da mutum sama da miliyan 200, likitocin haƙorinta kuwa 'yan dubbai ne, kuma yawancinsu suna Legas da Ibadan da Abuja da sauran manyan birane. Mutumin ƙauye a jihar Sakkwato, idan haƙori ya matsa masa, galibi sai ya nemi kuɗin mota zuwa birni, ya bi layi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwararru. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta mutum kusan biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki a duniya, mafi yawansu a ƙasashen da ba su da ƙarfin arziki.

Bayan Gwadabawa aka saki kwalta aka kama turba. An riga an girbe gero, gonaki sai kara, hazo ya rufe gabas. Da isa ƙauyen da za a yi aikin, zauren maigari aka fara zuwa aka yi gaisuwa, domin aikin da bai bi ta ƙofarsa ba ba ya samun jama'a. Liman ya sanar a masallacin Juma'a, mai shela ya zaga, saboda haka kafin a sauke kaya harabar makarantar firamare ta cika. Aka ware aji ɗaya na maza, ɗaya na mata, ɗaya na yara.

Kowane babba sai an auna jininsa kafin ya hau kujera, a tambaye shi ciwon suga, mace kuma a tambaye ta ko tana da juna biyu. Wanda jininsa ya hau sosai ba a cire masa haƙori ran nan, komai roƙonsa. Yawancin waɗanda suka zauna turame ne suka rube musu har saiwa, wasu sun shekara suna tauna da gefe ɗaya. Kowa da abin da ya gwada: kanumfari, gishiri, ƙwayoyin kyamis, hayaƙin da ake cewa yana fitar da tsutsa. Har akwai masu ɗiga ruwan batir a kogon, abin da ke ƙone dasashi ya bar ciwon yadda yake. Wani dattijo ya nuna haƙora uku ya ce a kwashe su gaba ɗaya ya huta. Likitar ta duba ta ce, "Baba, ɗaya ne ya mutu. Biyun nan wanki kawai suke so, da su za ka ci tuwo." Ya ce, "To 'yata, yadda kika gani."

A ajin yara an fi mai da hankali kan ceton haƙori. Akwai dabarar da wani likita ɗan ƙasar Holan, Jo Frencken, ya fara a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980: a kankare ruɓar da ƙaramin ƙarfe na hannu, a cike kogon da wani farin ƙulli da ke daskarewa ya riƙe haƙori, ba inji, sau da yawa ma ba allura. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ƙulli, tare da man goge baki mai sinadarin fuloraid, cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa ba. An raba wa yara buroshi da man goge baki, amma ba a kushe aswaki ba, kuma hakan daidai ne: buroshi zai tsufa, man zai ƙare, aswaki kuwa yana nan a kasuwa da bakin masallaci. Abin da aka ja kunne a kai shi ne alawa da lemon kwalba da shayin da aka cika wa suga.

Wajen azahar wata uwa ta shigo da goyon da bai wuce shekara uku ba, a rame, bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba. Kuncinsa ya kumbura, yawu na zuba, bakinsa na wari, dasashi ya yi gyambo. Nan take babban likitan ya bar abin da yake yi. Wannan ita ce cutar noma, wadda mutanen yankin ke kira ciwon iska. Tana kama yara musamman daga shekara 2 zuwa 6, waɗanda tamowa ta raunana, ko ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ya kayar. Daga dasashi take farawa, cikin 'yan kwanaki ta huda kunci, ta ci leɓe da hanci har ƙashi. An ƙiyasta cewa cikin yara 10 da ba su samu magani ba, kusan 9 mutuwa suke yi. Wanda ya rayu kan tashi da fuska a ɓarke, wani muƙamuƙinsa ya ƙage ba ya iya buɗe baki, a ɓoye shi a ɗaki, makaranta ta gagare shi. Abin baƙin cikin shi ne, a matakin farko maganinta ba ya da tsada: ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta, wanke baki da abinci mai gina jiki.

Aka fara ba yaron magani a nan, aka roƙi mahaifinsa ya bari a tafi da su Sakkwato. Sai da maigari ya sa baki ya yarda. A can akwai Asibitin Yara Masu Noma da aka buɗe a 1999, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa tun 2014, kuma likitocin gyaran fuska daga ƙasashe daban-daban kan zo su yi tiyata kyauta. A Damagaram ma ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan tana kula da irin waɗannan yara tun shekarun 1990. Najeriya ce ta jagoranci neman a sa noma cikin jerin cututtukan da duniya ta yi sakaci da su, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta amince a watan Disamba na 2023.

Ana la'asar aka fara naɗe kujeru, domin halin da hanyoyin yankin ke ciki ba ya bari a kai dare. Layi bai ƙare ba, kuma wannan ne raunin irin wannan tafiya: wanda haƙorinsa zai tashi gobe ba zai tarar da kowa ba. Shi ya sa sa'ar ƙarshe aka ba ma'aikacin ɗakin shan magani na ƙauyen da ungozomomi biyu, aka nuna musu yadda ake ɗaga leɓen yaro a duba dasashi, da alamun da ba a kwana da su. A wurin mai wannan rubutu, wannan sa'a ta fi duk haƙoran da aka cire amfani.

An shiga Sakkwato gab da magariba, aka wuce da uwar da ɗanta asibiti kai tsaye. Iyaye da ungozomomi da malaman makaranta, duk yaron da aka ga dasashinsa na jini, bakinsa na wari, ko kuncinsa ya kumbura, musamman bayan ƙyanda, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira ayari ya zo.