Wednesday, ni da 'yar ɗakinmu

A satin da ya kamata in gama babi na uku na furojet ɗina ne 'yar ɗakinmu ta turo min zangon farko na Wednesday a waya. Kashi takwas ne, Netflix ta sake su a Nuwamban 2022, ni kuwa sai yanzu na kalla, a dare biyu, ina lallaɓa ɗan cajin da ya rage. Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri, zan tona asiri.

Wednesday Addams yarinya ce da iyayenta suka kai makarantar kwana ta Nevermore, inda ake tara masu rikiɗa su koma kyarkeci, da masu shan jini, da masu ganin abin da ke ɓoye. Ga kuma wani dodo yana kashe mutane a dajin garin Jericho.

Gaskiya Jenna Ortega ce ta riƙe shirin. Da ƙyar take ƙifta ido, fuska a murtuke, amma in ta yaɓa magana sai kin dara. Thing kuwa, hannu ne kawai ba gangar jiki, amma ya fi wasu 'yan wasan nuna damuwa. Tim Burton ne ya ba da umarnin kashi huɗun farko, kuma su suka fi daɗin kallo.

Inda suka ba ni haushi, soyayyar nan da Tyler da Xavier cusa ta aka yi, don ba ta dace da halin yarinyar ba. An yi ta nuna Xavier da yatsa har kowa ya gane ba shi ne dodon ba, sai zargi ya koma kan Tyler tun da wuri. Shi kuma Crackstone da aka yi ta zuzutawa, ana tayar da shi a kashi na ƙarshe aka gama da shi cikin 'yan mintuna. Haba!

Abin da ya tsaya min a rai shi ne Enid, 'yar ɗakin Wednesday, mai surutu da son launuka, wadda aka ja wa layi a tsakiyar ɗaki. Ni ma shekara biyu ke nan da na kafa nawa dokokin: kar a taɓa min bokiti, kar a kunna min risho, ban da hira bayan isha'i. Amma da maleriya ta kayar da ni ana tsaka da jarabawa, wannan mai surutun ce ta kai ni asibitin makaranta, ta kwana a kan benci. Ko sannu ban ce mata ba yadda ya kamata.

Da Wednesday ta rungumi Enid a ƙarshe, sai ta juyo ta ce, “Kin ga, ita ma ta sauko.” Na yi kamar ban ji ba.

Saura makonni kaɗan kowa ta kama hanyar garinsu. Jiya na dafa taliya da manja a rishon nawa, na zuba mana a faranti ɗaya. Ta kalle ni ta ce, “Lafiya kuwa?” Na ce ta ci kawai kafin ta huce.