Ƙaura daga rumbu zuwa rumbu

Saƙon ya same ni da yammacin wata Laraba, ina tsakiyar duba takardun jarrabawar ƴan shekara ta biyu. Jami'ar da na yi digirin digirgir a cikinta, can ƙetare, tana sanar da tsofaffin ɗalibanta cewa za ta rufe asusunsu nan da kwana 60, kowa ya kwashe abin da ya ajiye. Ban yi mamaki ƙwarai ba. Tun 2021 Google ya bayyana cewa ajiya marar iyaka da yake ba makarantu za ta zo ƙarshe, daga Yulin 2022 kowace makaranta terabait 100 za ta samu a dunƙule, ta raba wa mutanenta. Jami'ar da ke da dubban ɗalibai a aji ba za ta dawwama tana riƙon kayan wanda ya tafi shekara goma ba.

Abin da na ajiye a can shi ne aikin da na yi a ƙauyukan Adar tsakanin 2011 da 2013: hirarraki da tsofaffi, tatsuniyoyi, kirarin mahauta, cinikin kasuwa, duk da bakin da ke cewa "yat tahi" inda Bakano zai ce "ya tafi". Na naɗi sautin a tsarin WAV, wanda awa ɗaya takan ci wajen gigabait guda, har abin ya taru ya kai gigabait 170. Faifan ajiyar da ke ɗauke da kwafi na biyu ya mutu a wata bazara, na yi ta cewa gobe zan sayi wani. Da yawa daga cikin masu muryoyin nan sun riga mu gidan gaskiya, wanda ya ɓace a ciki ba mai sake faɗarsa.

Dabarar da ta fara zo mini ita ce wadda takan zo wa kowa. Na raba babbar foldar da asusuna na kaina, na buɗe shi, sai ga ta nan da duk abin da ke cikinta. Na kunna fayil biyu suka yi magana. Na rufe kwamfuta na tafi masallaci da sanyin zuciya, na kuma yi mako uku cur ban sake waiwayar zancen ba.

Wani ɗalibina na digiri na biyu ne ya tashe ni daga wannan barci. Ya zo karɓar hirarraki uku don nasa binciken, ya tsaya bayana yana kallon allo, ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce, "Malam, ku gafarce ni, ku duba layin da ke nuna mai abu. Har yanzu tsohon adireshinku ne a jiki." Na ce to, ai ni ne. Ya ce, "Ranar da suka rufe wancan, Malam, wannan ma za ku neme shi ku rasa." Zanen aro na ɗaura ashe, wanda Hausawa suka ce ba ya rufe katara. Rabawa izinin shiga ce kawai, fayil yana nan a rumbun mai shi. Kuma asusun makaranta ba ya iya miƙa mallakar fayil ga asusun da ke wajen makarantar, dole sai an yi sabon kwafi wanda asusun da ake so zai haifa da kansa.

Na fara da saukewa, na kuma gaji da ita cikin kwana biyu. In ka zaɓi folda mai girma, ana ɗaure maka ita ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi wajen gigabait 2, sai ka sauke su ɗaya bayan ɗaya. Wuta ta ɗauke ana saura kaɗan, ko layi ya katse, ka koma farko. Ko da komai ya tafi daidai, gigabait 170 ne za su sauko sannan su sake hawa, wato 340 ta wayar da nake saya wa data da albashin malami. Asusun kyauta kuma gigabait 15 ne kacal, har da imel da hotuna a ciki, don haka sai da na biya kuɗin wurin gigabait 200 kafin a yi maganar zuba kaya.

Ɗalibin nan ne ya nuna mini rclone, wata manhaja ta kyauta da Nick Craig-Wood ya ƙirƙira, wadda ake ba umarni a rubuce cikin baƙin allo. Na tsorata da ita da fari, kamar yadda ƴan ajina ke tsorata da alamomin karin sauti, amma umarni huɗu ko biyar ne duka abin da na buƙata. Amfaninta babba shi ne, idan asusun biyu na kamfani ɗaya ne, tana iya sa manyan na'urorin kamfanin su yi kwafin a can tsakaninsu, ba tare da fayil ya bi ta kwamfutarka ba. A nan ne kuskurena na farko ya yi rana: tunda sabon asusun yana da izinin ganin foldar, da sunansa muka ba da umarni ya kwafo ta cikin nasa rumbun, kowane kwafi ya fito mallakarsa. Google yana da iyakar gigabait 750 a rana ga mutum ɗaya, ni ko kusa ban je ba.

Kalmomi biyu nake roƙon mai karatu ya bambance kafin ya taɓa manhajar. Umarnin copy yana ƙara abin da babu, ya maye gurbin wanda ya bambanta da na tushe, amma ba ya share fayil don kawai babu shi a tushe. Umarnin sync kuwa yana mai da wurin zuwa daidai da wurin tashi, duk abin da ya tarar a can wanda babu a nan sai ya goge shi. Wanda ya juya sunayen biyu bisa kuskure, ya sa rumbun da babu kome a matsayin tushe, ya share cikakken da hannunsa. Akwai ƙarin da ake liƙa wa umarni, wato dry-run, mai nuna abin da za a yi ba tare da an yi ba. Sau uku na gudanar da shi kafin na yarda na cire.

Da aka gama sai muka ƙirga. Tsohon wuri fayil 4,312, sabo 4,305. Bakwai babu.

Na kwana biyu ina neman bakwai ɗin nan, kuma dalilin ɓatansu ya fi kome koya mini. Kwamfuta ba ta yarda fayil biyu su ɗauki suna ɗaya cikin folda ɗaya, amma Google Drive yana yarda, domin da wata lamba ta ɓoye yake gane fayil, sunan ado ne a wurinsa. Na'urar naɗin sautina kuwa duk lokacin da na goge katinta takan koma ƙirga daga ɗaya, ni kuma a gajiyen dare nakan zuba kome wuri guda. Sai ga fayil biyu masu suna iri ɗaya, ɗaya daga wannan ƙauye, ɗaya daga wancan. Manhajar ta ɗauki ɗaya ta tsallake ɗaya, ta ma rubuta gargaɗi a kai, ni ne ban karanta ba don layukan suna gudu da yawa. Na sake wa tagwayen suna, na maimaita kwafin, sannan na ba da umarnin check, wanda ke kwatanta wata shaida ta lissafi da ake fitarwa daga cikin kowane fayil. Ita ce ke tabbatar da cewa ko ɗigo bai sauya ba, abin da suna da girma kaɗai ba su isa su nuna ba.

Sake sunan ya jawo nasa aikin. Masu rubuta hira da ELAN sun san fayil ɗin rubutu yana riƙe da sunan sautinsa da hanyar da ake bi a kai gare shi. Da ka canza, sai ya buɗe yana tambayar inda sautin yake. Bakwai ɗin da hannu na haɗa su. Wasu abubuwan kuma kwafi ba ya ɗaukowa sam. Babin kundina da na rubuta a Google Docs sun iso babu tarihin gyare-gyarensu, babu kuma bayanan da malamina ya bari a gefe, sai da na koma na sauke kowanne a tsarin Word, inda bayanan gefen ke biyowa. Izinin da na ba mutane a tsawon shekaru shi ma bai biyo ba, kuma ban yi baƙin ciki ba. Na tarar da sunaye fiye da ashirin masu ikon sauraron hirar da aka yi da ni bisa amana, wasu na manta ma dalilin da na ba su. Huɗu kaɗai na mayar.

Ranar da wa'adin ya cika, foldar aron ta ɓace daga asusuna kamar yadda yaron ya faɗa. Na sayi faifai biyu, ɗaya yana ofis, ɗaya na aika gidan ƙanena a Maraɗi, ana ta sauke musu kaya da kaɗan-kaɗan cikin dare.

Ɗaya daga cikin bakwai ɗin minti 41 ne, na wata tsohuwa da muka zauna da ita bayan isha'i a ƙofar ɗakinta. Ban taɓa rubuta shi ba, ina jin tun a wancan lokacin tagwaicin sunan ya ɓoye mini shi. A farkonsa ana jin jikokinta suna rigimar wurin zama, tana tsawata musu, sannan ta juyo ta tambaye ni ko abin nawa ya fara kamawa. Na sa shi cikin aikin ƴan shekara ta uku na zangon nan, minti biyar-biyar kowa.